Akwatin da Ya Iya Komai

Katin asibiti, bargo, gorar ruwa, da Mama tana mita a bayan tasi.

"Yanzu akwatin wasa ne zai ce ba ni da lafiya?"

Ni na zo da shi daga karatu a waje. A da wasan ƙwallo kawai ake bugawa a allonsa, na mayar da shi silima da waya da ofis. Har bugun zuciya yake aunawa ta madannin da ake riƙewa. Kwanan nan sai ya daina nuno mana tallan takalma, ya koma tallan asibitin zuciya. Jiya ya nuno na masu rubuta wasiyya. Duk muka kalli Mama.

Likita ya duba ta, ya ce ta fi shi lafiya.

Muna dawowa ƙanwata ta tare ni a falo tana dariya.

"Yaya Bature, yaushe Mama ta taɓa riƙe madannin nan? Ita da ko rimot tsoro take ji." Dariyarta ta tsaya. "Wa ke wuni da shi a hannu?"

Allon ya haska da kansa. Ya gaishe ni, ya tambaya ko numfashina ya daidaita.

Na cire shi daga wuta, na fito, na rufe ƙofa, na juya wajen ƙanwata.

"Kira mai tasi ya dawo. Ni za a duba."