Sarkin Sammako

Tun farkon zango, shi ke kama mata kujerar gaba a babban ɗakin lacca, inda ɗalibai ke cika har kan tagogi. Shi ya sa take kiransa Sarkin Sammako. Bai taɓa gaya mata bai samu gado a ɗakunan kwanan ɗalibai ba, a nan yake kwana.

Yau sai ta riga kowa zuwa. Ta tarar da shi bayan teburin malami yana naɗe tabarma, singiletinsa shanye a jikin allo. Ji ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Ashe wannan ne sammakon?" ta ce a hankali.

"Tsoro na ji," ya ce, kansa a sunkuye. "Wace ce za ta kula wanda ko makwanci ba shi da shi? In kin fasa, ba zan ga laifinki ba."

Ta juya ta fita, ta ja ƙofa. Ya tsaya rungume da tabarma, ya kasa motsi.

Can sai aka ƙwanƙwasa.

"Salamu alaikum, maigida. Kullum ina faɗo maka gida ba sallama. Sauke singiletin nan kafin malam ya zo, kada ka ba ni kunya."