Karen Alhaji Mani

Ranar 12 ga Maris, 1975, a kasuwar 'Yankara, karen Alhaji Mani ɗan kwangila ya ciji mutum na huɗu cikin wata biyu. Wannan karon Mero ce, 'yar Gide maƙeri, mai shekara bakwai. Sau uku dattawa suna roƙon Alhaji ya ɗaure shi, sau uku yana cewa, "Karen Turai ne, ba akuya ba."

Gide ya kai yarinyar ɗakin shan magani da adda a hannu, yana rantsuwa sai ya sare kan karen kafin la'asar.

"Kul, Malam Gide!" in ji malamin asibiti. "A ɗaure shi kwana goma. In ya wuce su lafiya, ba mahaukaci ba ne, ɗiyarka ta tsira. In aka kashe shi, ba yadda za mu sani, sai allura goma sha huɗu a cibiya."

Gide ya yar da adda, ya suri igiya, ya sheƙa yana roƙon Allah Ya raya karen da ya tsana.

Ya iske Alhaji a ƙofar gida riƙe da bindiga, jama'a na sa masa albarka.

"Gide, kwantar da hankalinka. Na share maka hawaye, na harbe shi."

Mero ta sha allura goma sha huɗu cif a Funtuwa. Ranar ta ƙarshe, Alhaji ya sauke sabon kare daga Kaduna, ba igiya a wuyansa.