Mota Mai Kujera Bakwai

Yana kwance rub-da-ciki yana gaida kawunsa, yadda ɗan Ibadan ke gaida babba, sai ya ji ana buɗe ƙofofin sabuwar motarsa.

Ya daɗe yana zaɓe kafin ya saye ta, doguwa mai kujera bakwai, don shi da iyalinsa su daina hawa acaɓa da ankon biki. Yau ce fitarta ta farko.

Kawu bai gajarta addu'a ba. Ya sa wa motar albarka, ya sa wa tayoyinta, ya gangara kan kakannin da ba su taɓa ganin kwalta ba. Shi kuwa ƙirji a ƙasa, sai "Amin, Baba" yake, haƙora a cije.

Da ya miƙe, gwaggonninsa biyar sun cika baya, ɗaurin kansu na gogar rufi, yaransa a cinyoyinsu. Kawu ya tattare babbar riga ya shige gaba.

"Gwaggo, ni fa?"

"Kai ɗan nan! Da gemunka za ka yi rigimar kujera da iyayenka? Wa ya goya ka?"

Ya dubi matarsa, wadda ya ba tuƙi don kada gugar rigarsa ta ɓaci.

"Maigida, sanyi na fita," ta ce, ta ɗaga gilashi.

Dole ya tare acaɓa. A cunkoson kasuwa, ɗan acaɓan da ya ɗauko shi ya tsaya gefen motar, ya girgiza kai.

"Oga, dubi mota! Mai wannan ai ya gama shan rana har abada."