Kwandon Lamduan

Ruwan farko na sauka a tsaunukan Lampang, matan ƙauye suka ɗauki kwanduna suka shiga daji neman laimar kwaɗi. Lamduan ce a ƙarshen layi. Tun bara ba wadda ke jerawa da ita.

A kwandonta ne aka kawo abin da ya kashe mijinta, Prasit. Ita ta dafa, shi ya ci. Ita ko ɗanɗanawa ba ta yi ba, don a makon muƙamuƙinta a kumbure yake, kunun shinkafa kawai ke wucewa. Ta ce daga matakala ta faɗo, kamar dai lokacin da hannunta ya karye. Ƙauye ya yanke hukuncinsa. Ko abincin sadaka ta kai haikali, a rufe yake dawowa.

Amma akwai ƙa'ida. Ba kwandon da ke shiga gari sai an juye shi kan tabarma a bakin daji, Iya Buakham, uwar Prasit, ta tantance masu dafi. Na Lamduan ma ta tantance shi bara. Sai dai wa zai tuhumi uwar mamaci, tsohuwar da ta suma a wurin ƙona gawar ɗanta?

Shekara guda Lamduan na dafa abin a ranta. A ganinta idon surukarta ya mutu, girman kai ya hana ta faɗa, ta bar matar ɗanta da sunan mai kisa. Yau kowa zai gani.

A gindin wata bishiya ta samo farare masu dafi, ƙanana kamar ƙwai, waɗanda ba su buɗe ba balle a bambanta su da na ci. Ta cusa su can tsakiyar kwando. Da zarar tsohuwa ta ce "ɗauki," za ta zaro su a gaban kowa.

"Lamduan, wa za a yi wa miya bana?" in ji Noi mai sayar da taliya. "Faɗa mana mu je mu yi bankwana da shi."

Aka kwashe da dariya. Lamduan ta juye kwandonta.

Tsohuwa ba ta ko daina taunar ganyen da ke rina mata baki ja ba. Yatsunta suka ratsa tarin, suka tsame masu dafin ɗaya bayan ɗaya, ta wurga su rami. Ba ta bar ko guda ba.

Lamduan ta tsaya a wurin har matan suka watse. Sannan ta matso kusa da tsohuwa.

"Iya, ashe idonki garau yake. To bara fa?"

Tsohuwa ta tofar da jan yawu, ta shiga naɗe tabarma.

"Bara ma na gan su, 'yata. Amma sai da na fara ganin fuskarki a kumbure."