Mahaucin da Ya Rataya Kalangu

Ka ce gurmin da ka saya yana rataye a ɗaki tun bara, wai yatsunka sun sandare, shekaru sun ja. Gyara zama, ɗana, in ba ka labarin wani mahauci, don ni a ganina wannan magana taka ragwanci ne kawai ya sa babbar riga.

A wani gari an yi wani mahauci da furfura ta riga ta cinye masa gemu. A garin nan ba a shelar nama da baki. In an kayar da sa, makaɗin mahauta ne yakan rataya kalangu ya buga taken fawa, matan da ke cikin gida su ji, su san yau akwai nama mai kitse, su aiko a saya musu. Shi kuma makaɗin yana da kasonsa a kowane yanka, tsoka da 'yar hanta, yakan kai wa matarsa. Kowane gidan mahauta da nasa taken, kuma duk a kan tsohon makaɗin nan ɗaya suke. Kwatsam sai ciwo ya fara shanye masa hannun dama, kiɗan ma sai da ƙyar. 'Ya'yansa sun tafi birni, babu mai waiwayen gado. Mahaucin nan ya duba ya ga in tsohon ya rufe ido, taken da aka yi wa ubansa da kakansa zai bi shi kabari, ba mai sake jinsa har abada. Abin ya tsaya masa a rai, har tuwo ya daina yi masa daɗi. Ran nan ya wanke wuƙaƙensa, ya je ya durƙusa gaban makaɗin, ya ce a koya masa.

Dariya kam ya sha ta. Abokan sana'a suka ce tsufa ya zo masa da gardama. 'Ya'yansa suka ce zai mai da su 'ya'yan maroƙi da rana tsaka. Duk wannan ko a jikinsa, don wahalarsa ba a bakin mutane take ba, a hannunsa take. Hannu ne da ya tsufa yana saran ƙashi da gatari, yana ɗaukar sandar kiɗa sai ya sauke ta kamar a kan ƙafar saniya. Bugun farko ya fasa fatar kalangun. Aka ɗaura wata, ya sake fasawa. Sa'arsa ɗaya, mahauci ba ya rasa fatar akuya. Ga shi kuma kalangu ba da bugu kaɗai yake magana ba, sai an matsa tsarkiyarsa a hammata an sassauta, sannan murya ta hau ta sauka. Shi kuwa in ya matse, sai ka ce rago ya danne za a yanka.

Bayan 'yan watanni ya ga kamar ya iya, ya fita ranar kasuwa ya buga. Mata suka ɗauka yara ne ke wasa da gwangwani, babu wadda ta aiko. Nama ya yini a kan tebur, da yamma aka karyar da shi. Sarkin fawa ya ce kada ya ƙara kusantar mahauta da wannan abin. Ya ji kunya ƙwarai, amma washegari ga shi a ƙofar makaɗin da kalangunsa. Tsohon ya dube shi ya ce, "Kai fa hannu biyu gare ka. Ka bar na sara can wurin aiki. Ka zo mini da na fiɗa, wanda ke raba fata da tsoka bai huda ba."

Wannan magana ta shige shi. Tun daga ranar, in ya tashi daga aiki sai ya nufi gindin wata tsamiya a bayan gari, yana taɓa fatar kalangu kamar yadda yake bin fatar akuya da bakin wuƙa. Hammatarsa ta yi kanta, kafaɗa ta dinga ciwo. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Yakan koma wurin tsohon ya buga, tsohon ya girgiza kai, ya rera masa taken da baki, shi kuma ya koma tsamiya.

Ana nan Allah Ya karɓi ran makaɗin. Ranar kasuwar da ta biyo aka kayar da wani bajimi, mahauta suka tsaya suna kallon juna. Mahaucin nan bai nemi izinin kowa ba, ya rataya kalangu ya fara da taken fawa, ya zarce zuwa na gidajen mahauta ɗaya bayan ɗaya, har ya iso kan na ubansa. A nan hawaye ya zubo masa, amma hannun bai tsaya ba. Kafin ya sauke, kwanuka sun fara isowa daga unguwanni.

Matar makaɗin tana cikin takaba ta jiyo kiɗan. Ta tashi ta ɗauko kwanon da ta saba karɓar kason mijinta, ta wanke, ta ajiye a bakin ƙofa. Sai da ta ajiye ta tuna mai kawowa yana kabari, ta zauna ta rufe fuska. Can sai ta ji sallama. Mahaucin ne, sarkin fawa ya ba shi kason makaɗi da hannunsa, shi kuma ya kawo tsokar da 'yar hantar ya zuba a kwanon.

Ka je ka sauko da gurmin nan, ɗana, ka kaɗe masa ƙura. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce gemu ba ya hana ilimi.