Lissafin Modibbo

Da kaji suka fara shiga akurki da rana tsaka, tsohon malamin nan Modibbo ya fito ƙofar gida a guje, takalmi ɗaya a ƙafa, yana ƙyalƙyala dariya.

Tun shekarar samun mulkin kai yake rubuta littafi kan yadda malaman da suka gabata suka haɗa karatun addini da lissafin taurari. Limamin unguwa ya ce wannan duba ne, ba ilimi ba. Modibbo ya kwance takardun kakansa, ya yi lissafi, ya ce ranar Asabar za a yi husufin rana, in ba a yi ba zai ƙone littafin da hannunsa.

Ga shi Yola ta yi duhu-duhu. Mata na salati, maza na rige-rigen alwala, shi kuwa sai gaida kowa yake, har awaki.

Da aka yi sahun sallar husufi, liman ya juyo ya kamo rigar Modibbo, ya rage murya.

"Modibbo, don Allah, minti nawa ya rage ta fito? In san surar da zan ja."