Hannun Shafi'u

Lokacin da likita ta tabbatar cewa kansar huhu ce ke cin Kalilu, kuma ta riga ta yi nisa, ƙanensa Shafi'u ne a tsaye kusa da shi. Dama kullum haka suke. Tare suke ɗaukar jarkokin fetur a babur daga Jibiya zuwa Maraɗi, kuma tun suna samari suka saba tsaya wa juna. In Kalilu ya manta katinsa na shaida, sai ya nuna wa jandarmomin kan iyaka na Shafi'u. Kamarsu ɗaya, ba a taɓa tare su ba.

Likita Mu'minat ta yi musu bayani dalla-dalla. Akwai magani na ƙarin ruwa da ke tayar da garkuwar jiki ta yaƙi kansar da kanta, amma ba kowa yake yi wa aiki ba. Jinin mara lafiya yana ba da alama. Yawan ƙwayoyin garkuwar da ke cikinsa da kuma alamun kumburi kan nuna ko akwai fatan maganin zai karɓe shi. In alamun ba su yi kyau ba, akwai wata hanyar da za a bi tun da wuri. Ta ce a yi gwajin a wani ɗakin gwaji da ya fi kusa da su, a kuma riƙa maimaitawa kafin kowane ƙarin ruwa.

Tambaya ɗaya Kalilu ya yi mata. Matarsa Barira tana da ciki, haihuwar za ta zo bayan kaka. Zai kai? Likita ta ce rai na Allah ne, amma in an dace da maganin da ya kamace shi, akwai fata.

A gida, mahaifiyarsu Nagoggo ta ƙi yarda. Ta kama hannun Kalilu, wanda ya koma kamar karan dawa, ta ɗaga wa Shafi'u.

"Mi za su ɗiba a jikin nan? Ɗan jinin da ya rage mishi? Kai ka tafi. Nono ɗaya kuka sha, abin da ke jikinshi shi ke jikinka."

Shafi'u bai yi musu ba. Ya ga gara ya rage wa yayansa wahalar hanya da zafin allura. Ya je ɗakin gwajin, aka kira sunan Kalilu, ya amsa, ya naɗe hannun riga. Ba wanda ya tambaye shi komai.

Sakamako ya fito da kyau, kamar yadda jinin lafiyayyen saurayi zai fito. Likita ta haɗa shi da sauran binciken da ta yi, ta yanke shawarar a fara maganin garkuwar. Aka sayar da gonar gado ta Daddara, aka fara.

Duk daminar nan, kafin kowane ƙarin ruwa, Shafi'u ne ke kai hannunsa. Har Kalilu yakan zolaye shi da cewa wata rana za a tsotse shi ya koma busasshen kifi, Shafi'u kuwa ya ce ai gara a tsotse shi, tunda shi yana cin tuwo kwano biyu. Tarin Kalilu yana ƙaruwa, numfashinsa yana gajarta, amma gwaji yana cewa komai lafiya. Likita ta ce a ƙara wa maganin lokaci, tunda jini bai nuna matsala ba.

Gero ya fara nuna sa'ad da Kalilu ya faɗi a ƙofar gida, aka kwantar da shi a asibiti a Katsina. A nan ma'aikaciyar jinya ta ɗebi jini daga hannunsa na kansa. Likita Mu'minat ta duba sakamakon, ta sake dubawa, ta kira Shafi'u gefe. Alamun sun yi muni ƙwarai, kuma ko rukunin jinin ba irin na baya ba ne.

"Jinin wa kuke kaiwa?"

Ya faɗa mata. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ba zan ce maka da ya warke ba, Malam Shafi'u. Amma da jininsa na gani tun farko, da ba wannan maganin kaɗai zan dogara da shi ba. Da kuma na ga ba ya aiki tun ana iya canzawa. Duk watannin nan lafiyarka nake karantawa."

Ya tambaya ko za a iya canzawa yanzu. Ta ce jikin ba zai ɗauka ba.

Kalilu ya rasu ana tsakiyar girbi. Bai zargi kowa ba. Nagoggo ta daina zancen asibiti gaba ɗaya. Bayan ɗan lokaci Barira ta haifi namiji. Da aka nemi wanda zai yi wa jariri huɗuba a madadin uba, dangi suka juya suka dubi Shafi'u. Ya karɓi yaron a hannun nan da allurai suka bar wa tabo, ya sunkuya, ya raɗa masa sunan Kalilu a kunne.

Jama'a, ɗan'uwa yana iya ɗaukar maka kaya, ya biya maka magani, ya kwana a gefen gadonka. Gwaji kuwa na mai ciwo ne shi kaɗai. Likita da abin da aka kai mata take yanke hukunci, kuma ɗan jinin da ake ɗiba ba ya ƙarar da mutum. In kuna jin tsoro, ku faɗa wa likita, kada ku miƙa hannun wani.